Patrick Stirling, Maƙerin Kawunan Jirgin Ƙasa: Rayuwarsa da Aikinsa (1820–1895)



Gabatarwa

Idan mutum ya shiga jirgin ƙasa ya sauka lafiya, yakan yaba wa direba, wani lokaci kuma ya yaba wa kamfani. Da wuya ya tuna da wanda ya zauna ya tsara kan jirgin tun yana zane a takarda, ya yanke shawarar girman tukunyarsa da yawan tayoyinsa da nauyin da dogo zai iya ɗauka. Wannan lacca tana magana ne a kan irin wannan mutum, watau Patrick Stirling, mutumin ƙasar Sikotilan, wanda ya yi shekara 42 yana shugabancin ƙera kawunan jirage masu aiki da tururi, 13 a ƙasarsu, 29 a Ingila.

Dalilin zaɓensa biyu ne. Na farko, ya ƙera ɗaya daga cikin kawunan jirage mafi gudu da kyan gani a zamaninsa. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci ga ɗalibi da ma'aikaci, shi ne dabarar da ta ɗaukaka shi ita ce kuma zamani ya wuce tun yana raye, bai kuwa yarda ya sake ta ba. Za mu duba asalinsa da koyon aikinsa, sa'an nan mu bayyana yadda kan jirgi yake aiki domin mu gane hujjarsa, kana mu ga inda hujjar ta ci, da inda ta gaza.

Kafin mu yi nisa, akwai gyara guda. Bahaushe yakan ce ƙafar jirgi, yakan kuma ce ƙafa idan yana awo. Domin kada su rikice mana, zan riƙa cewa taya idan ina nufin ƙafar jirgi, ko da yake ta ƙarfe ce tsantsa, in bar ƙafa da inci ga awo.

Asalinsa da Gidansu

An haifi Patrick Stirling ran 29 ga Yuni, 1820, a garin Kilmarnock, kudu maso yamma da birnin Gilasgo. Ubansa, Robert Stirling, limamin coci ne, amma zuciyarsa tana wurin injuna. A shekarar 1816 ya sami takardar mallakar fasaha a kan wani inji da ya ƙago wanda ke aiki da iska mai zafi maimakon tururi. Har yau injiniyoyi suna kiran irin wannan inji da sunansa. A 1824 aka mai da shi limancin Galston, wani ƙaramin gari kusa da nan, inda Patrick ya tashi.

Shi kansa garin Kilmarnock ba baƙon dogo ba ne. Tun 1812 aka buɗe wata hanyar dogo daga nan zuwa tashar ruwa ta Troon domin jigilar kwal, dawaki ne ke jan taragun. Bayan 'yan shekaru aka gwada wani kan jirgi na George Stephenson a kanta, sai nauyinsa ya riƙa farfasa dogon, wanda na ƙarfen zubi ne, tilas aka koma ga dawaki. Ku riƙe wannan labari, domin rikicin nauyin kan jirgi da ƙarfin dogo shi ne zai bi Stirling har ranar mutuwarsa.

Yana ɗan shekara biyar aka buɗe layin Stockton da Darlington a 1825. Yana ɗan shekara goma aka buɗe na Liverpool da Manchester a 1830. Watau shi da sana'ar tare suka girma.

Hausawa sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ƙanensa James, wanda aka haifa a 1835, shi ma ya zama shugaban ƙera kawunan jirage, ya riƙe wannan muƙami a kamfanin South Eastern daga 1878 zuwa 1898. Ɗansa Matthew kuwa ya riƙe irinsa a kamfanin Hull da Barnsley daga 1885 zuwa 1922.

Koyon Aiki

A 1837 aka kai shi birnin Dundee koyon aiki a wata maƙera da ƙanen ubansa yake gudanarwa. A wancan zamani ba a zama injiniya a aji. Yaro yakan fara da guduma da zarto da magagari, ya koyi zubin ƙarfe, ya koyi haɗa inji da kwance shi, sai daga baya a bar shi ya taɓa takardar zane. Maƙerar Dundee tana ƙera kawunan jirage domin ƙananan layukan da ke kewaye da ita. A nan ne kuma Archibald Sturrock, wanda Stirling zai gada a Ingila bayan shekara kusan talatin, ya yi nasa koyon aikin.

Akwai wani darasi da maƙerar ta koyar a fili. A cikin shekarun 1840 an kafa babban injin iska mai zafi, irin na ubansa, yana juya na'urorin maƙerar. Injin yana da tsimin kwal ƙwarai, amma ƙarfen zamanin ba ya jure zafin da yake bukata, sai gindin tukunyar ya riƙa ƙonewa, har aka cire shi aka koma ga tururi. Ga dabara mai kyau a takarda, ga kayan aiki sun kasa ɗaukarta. Duk tsawon rayuwarsa Stirling ya kasance mai gudun inji mai sarƙaƙiya, mai son abin da ya san ƙarfe zai jure.

Da ya gama koyon aiki ya koma Gilasgo, ya zama foman a kamfanin Neilson, ɗaya daga cikin manyan maƙeran kawunan jirage na birnin. A 1851 aka ba shi kula da wani gajeren layi da ke tsakanin Bowling da Balloch, a bakin tafkin Lomond. A 1853, yana da shekara 33, kamfanin Glasgow and South Western ya naɗa shi shugaban sashen kawunan jirage. Ya tarar da ma'aikatar gyara a cikin Gilasgo ta yi ƙunci, ya tsara sabuwa a garin haihuwarsa, aka buɗe ta a 1856, ba da daɗewa ba ta fara ƙera nata kawunan maimakon saye daga waje.

Yadda Kan Jirgi Yake Aiki

Ba za mu gane shawarwarin Stirling ba sai mun san abin da yake fama da shi. Kan jirgi mai tururi sassa uku ne manya. Akwai murhu, inda fayaman yake zuba kwal. Akwai tukunya, doguwa kamar ganga a kwance, cike da ruwa, bututu masu yawa sun ratsa ta, zafin wuta yana bi ta cikinsu ya tafasa ruwan ya fita ta bututun hayaƙi. Sa'an nan akwai silinda, inda tururin yake shiga da ƙarfi ya tura fistin gaba da baya, shi kuma fistin ya juya taya ta hanyar wata sandar ƙarfe.

Tayoyin iri biyu ne. Akwai masu ja, waɗanda fistin yake juyawa, akwai kuma masu ɗaukar nauyi kawai. Injiniyoyi sukan bayyana tsarin kan jirgi da lambobi uku: ƙananan tayoyin gaba, tayoyin ja, da ƙananan tayoyin baya. Idan aka ce 0-6-0, ana nufin tayoyi shida ne duka masu ja, an ɗaure su da sandar haɗi suna juyawa tare. Idan aka ce 4-2-2, ana nufin huɗu a gaba, biyu kacal masu ja, ɗaya dama ɗaya hagu, da biyu a baya.

To, ga matsala ta farko, ta gudu. Duk juyi ɗaya na taya, fistin sai ya je ya dawo. Tayar da tsayinta ƙafa 5 ne sai ta juya kimanin sau 336 kafin ta ci mil ɗaya. Wadda tsayinta ƙafa 8 da inci 1 ne kuwa sau 208 ya ishe ta. Idan jirgi yana gudun mil 60 a awa, watau mil ɗaya a minti ɗaya, ƙaramar tayar tana sa fistin kai da komo sau 336 a minti, babbar kuwa sau 208. A zamanin da man shafawa bai inganta ba, ƙarfe ma bai kai na yau ƙwari ba, wannan bambanci babba ne. Babbar taya tana nufin inji ba ya wahala, ba ya zafi, ba ya saurin cinyewa.

Ga matsala ta biyu, ta riƙo. Ƙarfe a kan ƙarfe santsi gare shi. Taya ba za ta iya ja da ƙarfin da ya wuce kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin da ke danne ta ba, a kan busasshen dogo ke nan. Idan dogo ya jiƙe abin ya ragu ainun. Da zarar an wuce wannan iyaka sai taya ta yi ta juyawa a wuri ɗaya jirgi bai motsa ba. Hanyar ƙara riƙo biyu ce: ko a ƙara nauyi a kan tayoyin ja, ko a ƙara yawansu. Ƙara nauyi yana da iyaka, domin dogo da gada suna da abin da za su iya ɗauka. Ƙara yawa kuwa yana bukatar sandar haɗi, ita kuma tana kawo gogayya, musamman idan tayoyin ba su cinye daidai da juna ba.

A kan wannan mararraba ce Stirling ya tsaya. Domin jirgin kaya ya yarda da sandar haɗi, ya ƙera kawuna masu tayoyin ja shida da yawan gaske. Amma domin jirgin fasinja mai sauri ya ƙi. Ana ba da labari cewa ya kwatanta kan jirgi mai sandar haɗi, idan yana gudu, da yaron da ke tsere wandonsa ya zame masa zuwa gwiwa.

Zuwa Doncaster

Kamfanin Great Northern shi ne ke riƙe da kashin kudu na babbar hanyar gabas, wadda ta tashi daga tashar King's Cross a Landan, ta bi ta Peterborough da Grantham da Doncaster, ta nufi Yok da Edinbara. Archibald Sturrock ya riƙe masa sashen kawunan jirage tun 1850. Gwani ne, amma a ƙarshen aikinsa ya shigo da wata dabara ta sa wa taragon kwal da ruwa nasa silinda, domin shi ma ya taya ja. An ƙera kimanin hamsin. Suka riƙa shan tururi fiye da abin da tukunya ke bayarwa, gyaransu ya yi tsada, direbobi kuma suka ƙi su. A 1866 Sturrock ya sauka, aka ɗauko Stirling daga Kilmarnock, ƙanensa James ya gaje shi a can.

Abin da shugabannin kamfani suke nema shi ne mutum mai tsimi, sun kuwa samu. Ya kwance injunan taragun nan. Ma'aikatar Doncaster, wadda aka kafa a 1853 domin gyara, ya mai da ita ta ƙira, kawuna na farko suka fito daga cikinta a 1867. Ya rage yawan ire-iren kawuna, ya sa tukunya iri ɗaya da silinda iri ɗaya su shiga kawuna dabam-dabam. Amfanin wannan a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa riƙe sito: kayan gyara kaɗan ake ajiyewa, makaniki ya san abin da zai tarar kafin ya kwance, kan jirgi kuma ba ya kwana da yawa a ma'aikata alhali ya kamata yana bisa hanya yana kawo kuɗi.

Yana da wata alama da ake gane aikinsa da ita tun daga nesa. Yawancin kawunan jirage suna da tulluwa a bisa tukunya, inda busasshen tururi yake taruwa nesa da ruwa. Stirling ya ƙi ta, domin yana ganin huda babban rami a bayan tukunya yana raunana ta. A maimakonta ya shimfiɗa bututu mai ƙananan huji a ciki, can sama, yana tsince tururin. Haka kuma ya ƙi tsarin nan na sarrafa tururi sau biyu a silinda biyu masu bambancin girma, wanda F. W. Webb na kamfanin London and North Western ya dage a kai tun daga 1882. Tarihi ya ba Stirling gaskiya a nan, domin magajin Webb bai ɓata lokaci ba wajen kawar da yawancin waɗannan kawuna.

Mai Ƙafa Takwas

A 1870 ma'aikatar Doncaster ta fito da kan jirgi mai Lamba 1, mai tsarin 4-2-2, tayoyin jansa biyu kowace tsayinta ƙafa 8 da inci 1, watau kusan mita biyu da rabi. Shi kansa Stirling dogo ne, ya haura ƙafa shida, amma tayar ta ɗara shi nesa. Kowane sashe na wannan kai yana da dalili, kuma kowane dalili ya haifi na gaba da shi.

Babbar taya tana ba da gudu amma tana rage ƙarfin ja. Domin ya cike gurbin, sai ya tsawaita tafiyar fistin zuwa inci 28, a cikin silinda mai faɗin inci 18. Al'adarsa ita ce ya ɓoye silinda a ciki, ƙarƙashin tukunya. Amma silinda na ciki yana bukatar aksul mai gwiwa, watau sandar da ta haɗa tayoyin biyu a lanƙwashe, kuma da taya mai wannan tsayi da fistin mai wannan tafiya, gwiwar za ta tilasta a ɗaga tukunya sama fiye da yadda ake ganin ya dace a lokacin. Bugu da ƙari irin wannan aksul ya yi ƙaurin suna wajen karyewa. Saboda haka ya fitar da silinda waje, dama da hagu, aksul ya zama miƙaƙƙe. Da silinda suka fito waje kuma suka yi gaba, nauyi ya taru a goshin kan jirgi, sai ya sa masa ƙaramin keke mai tayoyi huɗu wanda ke juyawa a kan ƙusa guda, ya ɗauki nauyin, ya bi da kan jirgi cikin kwana, ya kuma danne dogo kafin manyan tayoyin su iso.

Daga 1870 zuwa 1895 an ƙera 53 irinsa. A kan tayoyin jan na farkonsu akwai nauyin kimanin tan 15. Da jirgin fasinja na zamanin, mai gajerun taragun katako marasa nauyi, wannan ya isa. Hanyar Great Northern kuma miƙaƙƙiya ce, hawanta ba mai tsanani ba ne. Kawunan suka riƙa cin mil 50 a awa a matsakaicin gudu tsakanin tasha da tasha, a gangare kuwa sukan haura 70, ga tsimin kwal. A cikin shekarun 1870 da 1880 jiragen wannan kamfani suna cikin mafi sauri a duniya.

Sai dai akwai wata iyaka da aka gina a cikin tsarin tun ran farko. Faɗin dogon Ingila ƙafa 4 ne da inci 8 da rabi. Da yake tayoyin sun yi tsayi har sun kai gefen tukunya, tilas tukunyar ta shige tsakaninsu, saboda haka faɗinta ba zai wuce kimanin ƙafa huɗu ba. Tukunya kuwa ita ce cikin kan jirgi. In dai ba za ta ƙaru ba, tururi ba zai ƙaru ba.

Tseren Arewa

Hanyoyi biyu ne ke kai mutum daga Landan zuwa Sikotilan. Ta gabas tana hannun Great Northern da North Eastern da North British. Ta yamma, wadda ke tashi daga tashar Euston, tana hannun London and North Western da Caledonian. A ƙarshen 1887 'yan gabas suka buɗe jirginsu mai sauri na ƙarfe goma na safe ga fasinjoji masu tikitin daraja ta uku. Jama'a suka karkata can. 'Yan yamma suka rage lokacin tafiyarsu, 'yan gabas suka mayar da martani, a watan Agusta na 1888 abin ya zama tsere a fili. Tafiyar mil 393 zuwa Edinbara, wadda a da take cin awa tara ta gabas, sai da aka yi ta cikin ƙasa da awa bakwai da rabi, kana kamfanonin suka yi sulhu.

Tsere na biyu ya fi zafi. An buɗe sabuwar gadar Tay a 1887, ta Forth kuma a 1890, sai hanyar gabas zuwa Abadin ta zama mil 523, ta yamma kuwa 540. Hanyoyin biyu suna haɗuwa a mahaɗar Kinnaber, mil 38 kafin Abadin, daga nan dogo ɗaya suke bi. Duk jirgin da mai sigina ya fara ba hanya a nan shi ya ci. A damina ta 1895, kowane dare da ƙarfe takwas jirage biyu suna tashi daga Landan, ɗaya daga King's Cross ɗaya daga Euston, suna kwana gudu.

Kason Stirling shi ne mil 188 na farko, daga Landan zuwa Yok, ana sauya kai a Grantham. A cikin Agusta kansa mai Lamba 775 ya yi mil 82 da 'yan kai daga Grantham zuwa Yok cikin minti 76, watau kimanin mil 65 a awa. Daren 21 ga wata 'yan gabas suka isa Abadin cikin awa 8 da minti 40, suka ce sun gama. Kashegari da dare 'yan yamma suka rage taragunsu ƙwarai suka yi ta cikin awa 8 da minti 32. A watan Yuli na 1896 wani jirgin dare na yamma ya kauce daga dogo a Preston saboda shiga kwana da gudu, daga nan aka bar tsere shekaru masu yawa.

Abin lura shi ne kan jirgin da aka tsara a 1870 ya riƙe matsayinsa a tseren 1895, bayan shekara 25. Amma akwai abin lura na biyu: jiragen tseren an rage musu nauyi da gangan. Jirgin yau da kullum ba haka yake ba.

Zamani Ya Juya

Fasinja ya fara neman jin daɗi. Great Northern ita ce ta fara jan taragon cin abinci a Birtaniya, tsakanin Landan da Leeds, a 1879. Bayan haka taragun barci da na lungu mai ratsa jirgi da makewayi suka yawaita, kowane ya fi na da tsawo da nauyi. Bayan haɗarin Armagh na 1889, inda mutum 80 suka rasu, majalisa ta yi doka ta tilasta wa kowane jirgin fasinja birki mai kama kansa a dukan taragu. Wannan alheri ne, amma shi ma ƙarin nauyi ne.

Wata dabara ta jinkirta wa kawuna masu tayoyin ja biyu ranar ƙarewarsu. A tsakiyar shekarun 1880 wani injiniya na kamfanin Midland ya ƙago hanyar fesa yashi da tururi daidai ƙarƙashin taya, riƙo ya ƙaru. Amma yashi ba ya ƙara wa tukunya girma. Kamfanoni da dama suka koma ga tsarin 4-4-0, mai tayoyin ja huɗu.

Stirling, yana da shekara 74, ya zaɓi ɗaya hanyar. A 1894 da 1895 ya ƙera shida na ƙarshe, masu Lamba 1003 zuwa 1008, ya faɗaɗa silindansu, ya ƙara ƙarfin tururi, ya ɗora wa tayoyin ja nauyin da ya kusa tan 20. Watau ya nemi riƙo daga nauyi, ba daga yawa ba, nauyin kuwa dogo ne zai ɗauke shi. Daren 10 ga Nuwamba, 1895, jirgin Sikotilan yana wucewa ta St Neots, ɗaya daga cikin waɗannan kawuna yana jansa, dogo ya karye a ƙarƙashinsa, taragu suka kauce, mutum biyu suka rasa rayukansu. Kashegari, 11 ga Nuwamba, Patrick Stirling ya rasu a Doncaster yana da shekara 75, yana bisa muƙaminsa. Dogon da ya karye yana da nasa aibin, ba za a ɗora wa kan jirgi laifin duka ba. Amma tambayar da aka yi a Kilmarnock kafin a haife shi, ta nauyin kai da ƙarfin dogo, ita ce aka sake yi ranar da ya bar duniya.

Magajinsa, H. A. Ivatt, ya kama aiki a 1896. Ya rage wa waɗannan kawuna nauyi, ya sa wa wasu tukunya mai tulluwa. A 1898 ya fito da Lamba 990, mai tsarin 4-4-2, na farkon irinsa a Birtaniya, a 1902 kuma ya fito da mai babbar tukunya da faffaɗan murhu. Masu ƙafa takwas suka koma ƙananan ayyuka, na ƙarshensu ya ajiye aiki a 1916.

Halinsa da Abin da Ya Bari

Mutum ne mai kwarjini, mai tsanani wajen aiki, ba ya son wasa da dukiyar kamfani. Duk da haka ma'aikatansa sun ƙaunace shi. Da ya cika shekara 70 a 1890, direbobi da fayamomi suka tara kuɗi suka kafa fitila da famfon shan ruwa a Doncaster domin girmama shi. Ba kowane shugaba ne na ƙasa da shi ke yi wa haka yana raye ba.

Lamba 1 ya ajiye aiki a 1907, amma ba a sare shi ba. An sake hura masa wuta a 1938 domin tunawa da shekara hamsin da tseren Edinbara, yau kuma yana cikin kayan gidan tarihin jiragen ƙasa na Birtaniya da ke Yok. Ma'aikatar da Stirling ya koya wa ƙira ita ce ta ƙera Flying Scotsman a 1923, a ƙarƙashin Nigel Gresley, ta kuma ƙera Mallard, wanda ran 3 ga Yuli, 1938, ya yi gudun mil 126 a awa a gangaren da ke kudu da Grantham, a kan hanyar da masu ƙafa takwas suka saba bi. Har yanzu babu kan jirgi mai tururi da ya karya wannan. A watan Agusta na 1968 hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta daina aiki da tururi a manyan layukanta.

Kammalawa

Ina ganin darussa uku ne za mu ɗauka. Na farko, aikin injiniya ciniki ne. Babu abin da ake samu kyauta: gudu ya ci ƙarfin ja, babbar taya ta matse tukunya, nauyi ya ba da riƙo ya wahalar da dogo. Gwani shi ne wanda ya san abin da yake bayarwa a bakin abin da yake karɓa. Haka abin yake ga mai tsara kasafin kuɗi ko mai shimfiɗa hanya.

Na biyu, abin da ya riƙe kamfanin ba mai ƙafa takwas ba ne. Su 53 ne kacal. Ɗaruruwan kawunan kwal da na kaya da na jigilar unguwanni, masu sauƙin gyara, masu kayan gyara iri ɗaya, su ne suka biya albashi. Ma'aikaci ya kula da wannan, domin aikin da ba a yi masa kirari shi ne yawanci yake ɗauke da ma'aikata.

Na uku, amsa mai kyau tana da zamaninta. Shawarar da Stirling ya yanke a 1870 daidai ce ga taragu da ƙarfe da dogon 1870. Ba hujjarsa ce ta lalace ba, tambayar ce ta sake. Abin da ya fi wuya ga mutumin da ya yi shekara ashirin da biyar yana cin nasara da dabara ɗaya shi ne ya gane ranar da ya kamata ya ajiye ta. Zamani riga ne, in ji Hausawa. Ɗalibin da zai fita aiki gobe, da ma'aikacin da ya daɗe bisa kujera, kowannensu ya kamata ya riƙa tambayar kansa lokaci lokaci: shin nauyin da nake ja yau shi ne wanda aka tsara hanyar aikina dominsa?